Tikitin da ya rage a hannu: a sayar ko a mayar?

Mutanen Khartum da Omdurman sun daɗe da sanin darajar tikitin shiga wasa. Bayan da aka buɗe Gidan Wasan Ƙasa na Omdurman a 1959 an daɗe ana bin layi a ƙofarsa, kuma a nan ne Ummu Kulsum ta Masar ta yi waƙa a watan Disamba na 1968. Hausawan Sudan ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a rediyon Omdurman.

To, amma ɗan Adam da nasa shirin, ƙaddara da nata. Magidanci a Soba zai yanki tikiti huɗu don iyalinsa, sai rasuwa ko rashin lafiya ta gitta. Shin ya halatta ya sayar? Kuma a kan nawa?

Batun halartar taron kiɗa malamai sun yi saɓani a kansa, kowa ya tuntuɓi malaminsa. Shi kuwa tikiti, na wasa ne ko na mota, shaida ce ta haƙƙin amfani da kujera a wani lokaci sananne. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi hayar abu yana iya miƙa amfaninsa ga wani kamarsa, muddin ba a gindaya masa sharaɗin hani ba. Saboda haka matakin farko shi ne a duba abin da aka rubuta a jikin tikitin. Idan da sunan mai shi ne, ko an hana sauya hannu, sai a koma wurin masu taron a nemi warware ciniki, abin da fiƙihu ke kira iƙala, wanda aka kwaɗaitar da mai sayarwa ya amince da shi.

Idan babu hani, a bayyana wa mai saye rana da kujera da kuɗin asali. Tikitin da ya zo ta waya kuwa yana da haɗarinsa: hoto ɗaya ana iya tura wa mutum uku, alhali ɗaya ne zai shiga. Wanda ya karɓi kuɗi ta Bankak ya goge nasa kwafin nan take.

Akwai bambanci tsakanin mai uzuri da wanda ya kwashe tikiti ya ɓoye har sai jama'a sun matsu. An ga illar tsawwala kuɗi bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023, lokacin da kujerar bas zuwa iyakar Masar ta ninka sau da yawa, iyalai marasa ƙarfi suka rasa mafita.

Wanda ya mayar da kuɗinsa kawai ya tsira da mutuncinsa. Wanda kuma ya ba maƙwabci kyauta, Allah ya saka masa da alheri.