Mai Wurno da Allurar Korona

A watan Maris na 2021 ne kashin farko na allurar rigakafin korona ta AstraZeneca, sama da 800,000, ya sauka a Khartoum ta hannun shirin COVAX. Nan shawara ta faɗo wa magidanta, har da na Mai Wurno, garin da zuriyar muhajiran yaƙin Burmi na 1903 ke zaune a bakin Shuɗin Nilu: shin a miƙa dantse ga allurar da aka haɗa cikin shekara guda?

Ɗari-ɗarin Bahaushe ba a banza yake ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano, wasunsu suka rasu. Sai dai labarin yana da ragowa. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta tsallaka iyakoki, ta sake ɓulla a Sudan a 2004, ta shanye ƙafafun yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Saurin kuwa yana da dalili. Masanan Oxford sun riga sun yi shekaru suna aiki kan MERS, 'yar'uwar korona, gwamnatoci kuma suka zuba kuɗi har aka fara sarrafa allurar tun gwaji bai kammala ba. An gano tana haddasa daskarewar jini ga wasu 'yan ƙalilan, galibi masu ƙananan shekaru. Amma ga dattijo mai ciwon suga ko hawan jini, haɗarin cutar ya fi na allurar nesa ba kusa ba.