Ra'ayin Mai Kallo da Matsayinsa a Nazarin Fim da Wasan Kwaikwayon Talabijin

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin sakandare a ƙasar Hausa wanda bai taɓa kallon fim ɗin Hausa ko wasan kwaikwayon talabijin ba. Da yawa daga cikinsu ma sun fi sanin sunayen 'yan wasa a kan sunayen marubutan littattafan da ke cikin manhajarsu. Kowanensu kuma yana da abin cewa a kan abin da ya kalla. Wannan ya ce fim kaza ya ƙayatar, wancan ya ce ɓata lokaci ne. Malamin Hausa zai tarar da waɗannan ra'ayoyi a ajinsa, ko ya so ko ya ƙi. Wannan babi zai yi bayanin ra'ayin mai kallo, da abubuwan da ke haifar da shi, da bambancinsa da tarke. Daga nan sai a nuna yadda malami zai taimaki ɗalibansa su mayar da ra'ayi ya zama hukunci mai hujja.

2.0 Ma'anar Ra'ayi da Tarke

Ra'ayin mai kallo shi ne abin da mutum ya ji a ransa, na so ko ƙi, na yabo ko kushe, bayan ya kalli fim ko wasan kwaikwayo. Ba a tilasta wa mai ra'ayi ya kawo dalili, shi ya sa Hausawa ke cewa ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Tarke kuwa shi ne bin diddigin aikin adabi a tsanake, domin fito da kyawunsa da rauninsa bisa sanannun ma'aunai, tare da kafa hujja daga cikin aikin kansa.

Duk da wannan bambanci, akwai dangantaka ta ƙut da ƙut a tsakaninsu. Kowane matarki mai kallo ne tun da farko, kuma abin da ya fara ji a ransa shi ke nuna masa inda zai duba. Abin da ya raba shi da sauran masu kallo shi ne yakan koma ya binciki dalilin da ya sa ya ji hakan, kuma a shirye yake ya sauya matsayi idan hujja ta saɓa masa.

3.0 Bahaushe a Matsayin Mai Kallo

Ra'ayin mai kallo yana da tarihi, domin abin da ido ya saba gani da shi yake auna sabon abu. Kafin zuwan bidiyo, Bahaushe ya saba da majigi, da finafinan Indiya da na Amurka da na Sin a gidajen silima, sannan da wasannin rediyo da talabijin irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo. A shekarar 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda akasarin manazarta ke ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan bidiyo na Hausa.

Daga 1999, lokacin da Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, masu kallo suka sami fili na musamman da suke aika wasiƙun yabo da suka. A shekarar 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a daidai lokacin da ƙorafi a kan rawa da waƙa da sutura ya yi ƙamari. Bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da fitowar wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa a 2015, da Kwana Casa'in a 2019, da Labarina a 2020, sai ra'ayin mai kallo ya ƙara ƙarfi, saboda ana bayyana shi a intanet tun kafin kashi na gaba ya fito. Wannan ya nuna cewa abin da masu kallo ke faɗa yana iya shafar kasuwa, da doka, da mutuncin 'yan wasa. Saboda haka bai kamata a bar shi kara zube ba.

4.0 Abubuwan da ke Gina Ra'ayin Mai Kallo

Akwai abubuwa da dama da ke sa mutum biyu su kalli fim ɗaya su fito da ra'ayi biyu. Muhimmai daga ciki su ne:

(a) Shekaru: Dattijon da ya tashi da kallon Samanja yakan nemi darasi da barkwanci, matashi kuwa yakan fi karkata ga soyayya da waƙa.

(b) Addini da al'ada: Mai kallo yakan auna sutura da cuɗanyar maza da mata da girmama na gaba da mizanin tarbiyyar da ya taso a cikinta.

(c) Abin da ya taɓa faruwa da mutum: Matar da ta zauna da kishiya ba za ta kalli fim ɗin kishi kamar yadda budurwa za ta kalle shi ba.

(d) Son ɗan wasa: Wasu sukan yanke hukunci da zarar sun ga fuskar gwaninsu a jikin hoton talla.

(e) Ra'ayin jama'a: Idan kowa a majalisa yana yabon wasa, kaɗan ne ke da ƙarfin halin kushe shi.

Duk waɗannan abubuwa sun shafi mai kallo ne. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya isa ya tabbatar da cewa fim ya yi kyau ko bai yi ba.

5.0 Yadda Ra'ayi ke Zama Tarke

Ra'ayi yana zama tarke idan aka jingina shi da ɗaya daga cikin ma'aunan nazari, wato jigo, da zubi da tsari, da salon sarrafa harshe, da taurari, da al'adun da aka nuna. A fim akwai ƙarin ma'aunai, kamar ɗaukar hoto, da sauti, da sutura, da wurin da aka yi wasan. Ga misalai uku.

Na farko, mai kallo zai iya cewa Samanja yana ɓata Hausa. Wannan ra'ayi ne. Matarki zai lura cewa tauraron soja ne, kuma Hausar bariki da yake gwamutsawa da Turanci ita ce irin wadda sojoji daga ƙabilu daban-daban suke magana da ita. Ke nan salo ne da aka zaɓa da gangan domin fito da halin tauraro da kuma ban dariya. Tambayar da ta dace ita ce ko salon ya cim ma wannan manufa.

Na biyu, wanda ya bi labarin Shaihu Umar zai iya cewa ya ji tausayin mahaifiyar Umar. Matarki zai nuna abin da ya haifar da tausayin: ta bar gida neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ratsa Sahara da ita, kuma ba ta jima da saduwa da shi ba ta rasu. Zai kuma lura cewa Umar ne da kansa yake ba ɗalibansa labarin bayan ya manyanta, wanda dabara ce ta tsarin labari da ke ƙara masa gaskiya a kunnen mai saurare.

Na uku, wani zai ce rawa da waƙa sun lalata finafinan Hausa, ya kawo misali da irin su Sangaya, wanda waƙoƙinsa suka yi tashe a shekarar 2000. Matarki ba ya yi wa finafinai kuɗin goro. Zai ɗauki waƙa ɗaya ya duba ko ta ciyar da labari gaba, ko ta bayyana abin da ke zuciyar tauraro wanda kunya ta hana shi furtawa, ko kuwa an cusa ta ne domin kasuwa kawai. Idan aka cire waƙar labari bai rasa komai ba, to wannan rauni ne a zubi da tsari, kuma ana iya nuna shi ga kowa.

6.0 Kurakuran da Masu Kallo ke Yawan Yi

Kuskure na farko shi ne rashin bambanta ɗan wasa da tauraron da ya fito a matsayinsa. Wanda ya fito a mugu har mai kallo ya tsane shi, ya ƙware ne a aikinsa, yabo ya kamace shi. Na biyu shi ne ɗaukar nuna mugun hali a matsayin koyar da shi. Kwana Casa'in ya nuna cin hanci da maguɗin siyasa a ƙagaggen wuri mai suna Alfawa. Abin dubawa shi ne yadda labarin ya ɗauki waɗannan halaye da kuma sakamakon masu yin su. Na uku shi ne yanke hukunci a kan fim ɗin da ba a kalla ba, ko a kan guntun da aka gani a waya. Na huɗu shi ne barin aiki a koma kan rayuwar ɗan wasa, wanda sau da yawa yakan kai ga cin mutunci da ƙazafi.

7.0 Aikin Malami a Aji

Bai dace malami ya raina ra'ayin ɗalibi ba, domin ɗalibin da aka gwale shi sau ɗaya ba zai sake buɗe baki ba. Haka kuma bai dace ya ɗora wa aji nasa ra'ayin ba, domin ɗalibai za su haddace shi ne kawai saboda jarrabawa. Ana iya bin waɗannan matakai:

(a) Malami ya fara kallon fim ɗin shi kaɗai, ya tabbatar ya dace da shekarun ɗalibai, sannan ya zaɓi fitowa ɗaya ko biyu da ba su wuce minti 10 ba.

(b) Bayan kallo, kowane ɗalibi ya rubuta ra'ayinsa a jimla ɗaya kafin a fara tattaunawa, don kada masu baki su rinjayi sauran.

(c) Malami ya bi kowane ra'ayi da tambayoyi biyu: me ya sa, kuma a wace fitowa aka ga haka?

(d) A rubuta amsoshin a kan allo, a karkasa su ƙarƙashin jigo, salo, taurari da sauransu.

(e) A sake nuna fitowar, a ba ɗalibai damar tabbatar da matsayinsu ko sauya shi.

Wajen ba da maki, hujja ake dubawa. Ɗalibin da ya saɓa wa malami amma ya kafa hujja daga cikin wasan ya fi cancantar maki a kan wanda ya yarda da malami ba tare da dalili ba.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ra'ayin mai kallo shi ne matakin farko na nazari, kuma shekaru da tarbiyya da abin da mutum ya saba gani su ke gina shi. An kuma ga cewa yana zama tarke ne idan aka auna shi da ma'aunan adabi aka kafa masa hujja. Ɗalibin da ya koyi wannan a kan fim zai yi amfani da shi a kan ƙagaggen labari da rubutacciyar waƙa, har ma da labaran da yake ji a rediyo.

Tambayoyi

1. Bambanta ra'ayi da tarke, tare da misalai biyu.
2. Kawo abubuwa huɗu da ke gina ra'ayin mai kallo, ka yi bayaninsu.
3. Zaɓi fitowa ɗaya daga wani wasan talabijin na Hausa, ka tsara darasin minti 40 a kanta domin 'yan aji biyu na babbar sakandare.