Birkin Tsofaffin Motocin Amurka: Shigar Noti Ba Ita Ce Dacewa Ba

A tsakanin masu raya tsofaffin motocin Amurka akwai maganar da ta daɗe tana yawo, wai birkin faifai na kowace mota zai hau 'yar'uwarta muddin kamfani ɗaya ya ƙera su. Maganar ba ta rasa tushe ba. General Motors ya sa kan gatarin gaba iri ɗaya a Chevelle da GTO na 1964 zuwa 1972, da Camaro na 1967 zuwa 1969, da Nova na 1968 zuwa 1974. Saboda haka birkin da aka ciro daga ɗaya yakan zauna a sauran, in dai an bar wa kowace mota hannun sitiyarinta. Kuskuren shi ne ɗaukar abin da ya yiwu a gida ɗaya a mai da shi doka ga kowa.

A gidan Ford, an yi shekaru ana ɗora birkin Granada ta 1975 zuwa 1980 a kan Mustang. Yana hawa kuwa, amma sai an canza kan tayarod, kuma a Mustang ta 1965 da 1966 yakan sa sitiyari ya riƙa fizga idan ƙafa ta faɗa rami. Na Chrysler ya fi wannan rikici. Ƙafafun Dart da Valiant har zuwa 1972 suna da noti biyar a da'irar inci 4, amma birkin faifan 1973 zuwa 1976 na inci 4.5 ne, don haka mai son sa sai ya canza wili, har da hannun sama da ke riƙe kan gatarin. Wilin inci 14 da aka ƙera don birkin ganga ma sau da yawa yakan gogi mamatsin faifan.

Inda jita-jitar ta fi haɗari shi ne cewa da an ɗaura faifai aiki ya ƙare. Yawancin mastar birkin ganga, wato famfon da ke tura man birki, tana da bawul da ke riƙe ɗan matsin mai a cikin bututu. Ganga na son haka, faifai kuwa sai ya yi ta ja har ya ɗau zafi. Idan kuma gaba faifai ne, baya ganga, ana bukatar bawul mai rage matsin baya, in ba haka ba ƙafafun baya su riga na gaba kullewa, motar ta juya. Motocin da suka girmi ƙirar 1967 galibi layin mai ɗaya gare su: bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. A ganina sauya masta zuwa mai layi biyu ya fi faifan kansa gaggawa.

Wani zai ce ai mutane da yawa sun haɗa yadda suka ga dama, kuma suna tuƙi lafiya. Haka ne, sai dai tuƙin yau da kullum ba ya gwada birki. Taka shi da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta ne ke tona rashin daidaito. Cewa faifai dole ya rage tazarar tsayawa ma rabin gaskiya ce. Idan ganga na iya kulle ƙafa, taya ce ke yanke hukunci a takun farko. Fifikon faifai yana fitowa ne a doguwar gangara da taku a kai a kai, inda zafi ke kashe ƙarfin ganga, da kuma bayan an ratsa ruwa.