Kwanakin farkon baƙo a Jigawa: a nan ake yanke shawarar zama ko guduwa

Duk lokacin da aka buɗe sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau da ke gefen Dutse, za ka ga motoci suna ta sauke samari da 'yan mata daga Legas, Inugu da Kalaba. Wasunsu ba su taɓa wuce Abuja ba. A wajensu tafiyar ba ta da maraba da zuwa ƙasar waje: yare daban, cima daban, ga rana ba sauƙi.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shirin NYSC a 1973, bayan yaƙin basasa, don 'yan ƙasa su san juna. Makonni uku na sansani da sauƙi, tunda akwai fareti, akwai abokai, akwai kasuwar Mami. Wahalar tana farawa ne ranar da aka miƙa wa mutum takarda aka ce ya tafi wata makaranta a Kiyawa, Miga ko Buji.

Abin da ke fara ɗaure wa baƙo kai shi ne gaisuwa. Ya zo da sauri zai faɗi abin da ya kawo shi, sai ya tarar sai an yi "ina kwana, ina gajiya, ya iyali" tukuna. Wanda ya tsallake wannan, shi ke nan an sa masa sunan mai girman kai, alhali rashin sani ne kawai. Sai batun lokaci: an ce taro bayan la'asar, shi kuma yana ta duba agogo. Ga zafin Afrilu da kan haura maki 40, ga tuwo da miyar kuka da ciki bai saba da su ba, ga aji cike da yaran da Turancinsu bai nuna ba.

A wannan makon ne da yawa ke fara fafutukar neman sauyin jiha. Idan sun tafi, wa ya yi asara? Ƙannenmu, da watakila wannan kofa shi ne zai koya musu lissafi ko kimiyya a bana.

Ba 'yan hidimar ƙasa kaɗai ke shan wannan ba. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari a babban asibitin Jahun. Likita ya zo daga wata nahiya da iliminsa, amma sai da tafinta da ma'aikatan gida zai ji abin da ke damun mara lafiya.

Mu ma fa gobe baƙi ne. Tun 1987 Najeriya ke tura 'yan sa-kai zuwa ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik a ƙarƙashin shirin TAC, su yi shekara biyu. Ɗan Dutsen da ya samu wannan dama zai nemi wanda zai riƙa masa hannu.

Don haka idan an kawo kofa unguwarku, kar ka tsaya ɗaukar bidiyon gurɓatacciyar Hausarsa kana sakawa a TikTok. Koya masa gaisuwa, raka shi wajen mai unguwa, nuna masa inda ake sayen ruwa da kuɗin ɗan acaɓa na gaskiya. Mako guda kawai yake buƙata ya ji yana da wani a garin.