FASHIN BAƘI: Abin da ke samun bidiyon hujja idan aka ɗora shi a faifan DVD, da manhajar da ta dace da aikin

A shekarar 2016, sai da rigima a kan faifan DVD guda ɗaya ta kai gaban Kotun Ƙolin Najeriya kafin a tabbatar da cewa za a iya kunna shi a zauren shari'a. Timipre Sylva na jam'iyyar APC ne ya shigar da ƙara yana ƙalubalantar nasarar Seriake Dickson na PDP a zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa. Daga cikin shaidunsa akwai ma'aikacin gidan talabijin na Channels, wanda ya zo da faifan tare da takardar shaidar yadda aka samar da shi. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta karɓi duka biyun. Amma da lauyoyin Sylva suka nemi a kunna, sai ɗaya ɓangaren ya ce ai kwamfuta da majigin da za a yi amfani da su wajen nunawa su ma suna buƙatar tasu takardar. Kotun ta yarda da hakan, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke, sannan a watan Yulin 2016 Kotun Ƙoli ta ce da zarar an karɓi faifai bisa ƙa'ida, babu wata sabuwar takarda da ake nema kafin a kalle shi. Sylva ya yi nasara a wannan gaɓa, ko da yake daga baya ya faɗi a ainihin shari'ar.

Matashin da ya tsaya a rumfar zaɓe da wayarsa a hannu, ko wanda ya ɗauki jami'in tsaro yana cin zarafin wani, zai iya ɗauka cewa faifai ya zama tarihi. A kasuwar fim haka ne: masu tura finafinai a waya da YouTube sun daɗe da kashe cinikin faifan Kannywood. Amma ranar da lauya ya ce a kawo bidiyon domin a miƙa wa kotu ko kwamitin bincike, sau da yawa abin da zai nema shi ne faifai ko filash, wani abu da magatakarda zai riƙe a hannu, ya manna masa lamba, ya ajiye a fayil. Faifan da ake bugawa sau ɗaya kuwa yana da fifikon da filash ba shi da shi: ba a gogewa, ba a sauya abin da ke ciki bayan an rufe shi. Tsarin mulki ya ba mai ƙarar zaɓe kwana 21 kacal daga ranar da aka bayyana sakamako. A cikin wannan gaggawa ake rugawa shagon kwamfuta a ce wa yaron shago ya “sa a faifai”, kuma a nan ne hujja da dama ke samun rauni ba tare da kowa ya lura ba.

Faifai iri biyu ne, ba ɗaya ba

Tushen ruɗanin shi ne abu biyu ake kira da suna ɗaya. Na farko faifan ajiya ne: an ɗauki fayil ɗin bidiyon yadda waya ta samar da shi, an kwafe shi a kan faifai ba tare da an taɓa komai ba. Na biyu shi ne faifan kallo, wanda ake kira DVD-Video, irin wanda ake sakawa a na'urar falo ya tashi da kansa. Wannan na biyun yana da tsauraran ƙa'idoji da aka kafa tun tsakiyar shekarun 1990. Dole bidiyon ya koma tsarin MPEG-2, a yanka shi gunduwa-gunduwa zuwa fayilolin VOB da ba su wuce gigabait 1 ba, a jera su cikin folda mai suna VIDEO_TS tare da ƙananan fayilolin IFO da BUP masu faɗa wa na'ura inda za ta fara da inda za ta nufa. Manhajar tsara DVD aikinta ke nan. Wato ba kwafi take yi ba, sabon bidiyo take ƙerawa daga tsohon.

A duba lissafin asarar. Waya mai matsakaicin kuɗi tana ɗaukar hoto mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Faifan kallo a tsarin PAL, wanda Najeriya ke bi, ba ya wuce 720 da 576, jimilla 414,720. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan cif. Sauran huɗun sun tafi, kuma a cikinsu ne alƙaluman da aka rubuta da biro a takardar sakamako suke, da lambar mota, da sunan da ke ƙirjin kaki. Idan a tsaye aka riƙe wayar, kamar yadda galibinmu muke yi, abin ya fi muni, domin hoton zai takure a tsakiyar allo, bai cika kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba, baƙi ya cike hagu da dama.

Akwai kuma batun motsi. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a kowace daƙiƙa, PAL kuwa 25 yake karɓa, saboda haka manhaja za ta zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, ko ta cakuɗa su. A bidiyon biki babu wanda zai damu. A bidiyon da ake gardamar wa ya fara ɗaga hannu, akwai damuwa. Ana iya kauce wa wannan ta zaɓar tsarin NTSC na Amurka, mai kusan hoto 30 a daƙiƙa, wanda galibin na'urorin da ke kasuwarmu suna kunnawa. Sai dai shi kuma 720 da 480 ne, kashi ɗaya cikin shida na asali. A ganina, idan abin da ake son nunawa rubutu ne, a ɗauki PAL. Idan saurin aukuwar abu ne, a ɗauki NTSC.

Asarar da ta fi kowace tsada ba a ganin ta da ido. Fayil ɗin da waya ta samar yana ɗauke da bayanai a cikinsa: ranar da aka ɗauka da lokacin, wani sa'in har da samfurin wayar da wurin da take idan an kunna GPS. Sabon bidiyon da manhaja ta ƙera ba ya gadar waɗannan. Haka nan WhatsApp yana matse bidiyo ya share irin waɗannan bayanai idan an tura shi ta hanyar da aka saba, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Bidiyon da ya bi ta hannu uku a WhatsApp, sannan aka mayar da shi faifan kallo, lauyan da ke ɗaya ɓangaren ba zai sha wahala ba wajen tambayar ina asalinsa yake.

Abin da doka ke tambaya

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ne ƙofar da duk hujjar da kwamfuta ta samar ke bi, kuma dokar ta lissafa faifai da bidiyo cikin abin da take kira takarda. Sashen yana so a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai, tana aiki daidai a lokacin, kuma abin da ta fitar daga abin da aka shigar mata ya samo asali. Ƙaramin sashe na 4 ya tanadi takardar shaida mai bayyana yadda aka samar da hujjar da na'urorin da aka yi amfani da su, da sa hannun wanda ke da alhakin kula da aikin. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa take yi da wannan ba tun 2012, a shari'ar Kubor da Dickson (shi dai wannan Dickson ɗin, a zaɓensa na farko), inda ta ƙi amincewa da labaran da aka bugo daga intanet domin ba a cika sharuɗɗan sashen ba.

A nan ne zaɓen manhaja ya daina zama sha'anin masu kwamfuta kawai. Wanda zai sa hannu ya bayyana “yadda aka samar” da faifai dole ya san sunan manhajar da abin da ta yi wa bidiyon. Na taɓa tsayawa a wani shago ina kallon yadda ake haɗa wa wani mutum faifan da zai kai wa lauyansa. Manhajar ta sata ce, an fasa makullinta, kuma da aka gama sai ga tambarin kamfanin kwance a tsakiyar hoton. Mai shagon ya ce ba komai, ai ana ganin mutanen. Ban san yadda shari'ar ta ƙare ba, amma na san ba zan so a yi mini tambayoyin ƙwaƙwaf a kan wannan faifan ba.

To wace manhaja?

Manyan kamfanoni sun riga sun fice daga wannan fage. Microsoft ya cire Windows DVD Maker tun daga Windows 8. Apple ya daina raya iDVD da DVD Studio Pro a wajejen 2011. Adobe Encore ya tsaya a fitowar CS6 ta 2012. Abin da ya rage shi ne manhajojin kyauta na masu sa kai da na kuɗi daga ƙananan kamfanoni.

Domin faifan kallo, DVDStyler ce na fi natsuwa da ita. Kyauta ce, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga duk mai son dubawa, tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta manna tambari. Mafi muhimmanci, tana barin mutum ya zaɓi PAL ko NTSC da kansa, ya zaɓi fasalin allo na 16:9 ko 4:3, ya kuma ƙayyade yawan matsi. Wannan na ƙarshen yana da tasiri: faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar kimanin awa ɗaya a mafi kyawun inganci, ko awa biyu a matsakaici. Manhajar da ke alfaharin cusa awa shida a faifai ɗaya, daga ingancin hoton take yankowa. DVDStyler tana kuma karɓar fassarar rubutu a matsayin layi na daban da ake kunnawa ko kashewa, abin da ke da amfani idan da Hausa aka yi maganar kuma da Turanci kotu ke aiki, ba tare da an rubuta komai a jikin hoton ba.

DVD Flick ta fi sauƙin koyo kuma har yanzu tana nan a kwamfutocin shaguna, amma rabon da a sabunta ta tun 2009, kafin tsarin HEVC da sababbin wayoyi ke ɗauka da shi ya fito, don haka tana iya ƙin buɗe fayil ɗin. AVStoDVD ta fi ba da iko ga wanda ya san abin da yake yi. Masu Linux suna da DeVeDe. Na kuɗi irin su Nero da ConvertXtoDVD da TMPGEnc Authoring Works suna aiki da kyau idan an saya da gaske. Matsalar ita ce na gwaji a wasunsu kan sa tambari, na sata kuwa babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da aka cusa a cikinsu. Duk manhajar da ke yi wa hoto “gyara” da kanta, ta ƙara haske ko ta daidaita girgiza, a kashe mata wannan, domin gyara ne da za a tambaye ka dalilinsa.

Faifan ajiya kuwa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Windows da kanta tana iya buga shi, haka CDBurnerXP da ImgBurn. ImgBurn ta tsufa, fitowarta ta ƙarshe a 2013 ce, kuma an san kunshin girka ta da jawo tallace-tallace, amma tana da abin da ake buƙata: bayan ta buga, tana sake karanta faifan ta kwatanta shi da asali, ta kuma bar rahoton abin da ta yi. Idan fayil ya yi girma ƙwarai, a zaɓi tsarin UDF. A yi amfani da DVD-R ko DVD+R, kada a ɗauki mai RW a ƙarshen suna, domin shi ana gogewa. A buga a hankali, gudun 4x ya isa, sannan a rufe faifan yadda ba za a iya ƙara komai ba.

Shawarata dai faifai biyu ce: na ajiya mai ɗauke da asalin fayil, shi ne hujjar, na kallo kuma domin sauƙin nunawa, a rubuta a jikinsa cewa kwafi ne da aka sauya wa tsari. Kafin a taɓa komai, a ciro fayil ɗin daga waya ta kebul, a fitar masa da lambar SHA-256. Wannan jerin haruffa da lambobi 64 ne da ke zama kamar zanen yatsan fayil: ko ɗigo ɗaya aka sauya, lambar gaba ɗaya za ta canza. Windows tana da umarnin certutil da Get-FileHash masu yin wannan kyauta. Ƙa'idojin Berkeley, waɗanda Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar California suka fitar a 2020 domin masu bincike da hujjojin intanet, sun ba da muhimmanci ga irin wannan lamba da kuma rubuta hannun da hujja ta bi ɗaya bayan ɗaya. MediaInfo za ta nuna bayanan da ke cikin fayil, a buga su a takarda a haɗa. Wayar da aka yi ɗaukar da ita kuma kada a sayar, kada a goge.

Saura ranar zama. Windows 10 da 11 ba sa kunna faifan DVD-Video da kansu, kuma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin saka faifai sam. Wanda zai je kotu ya tanadi na'urar faifai ta waje mai shiga ta USB, ya girka VLC, ya gwada faifan biyu daga farko har ƙarshe a kan ainihin kwamfutar da zai tafi da ita, ya kuma cika batir tun dare, domin ba a san ko za a samu wuta a zauren ba.