Shirin Musamman: Idan Ciyawar Rufin Fangali Ta Danƙare

Shirinmu na yau na masu lambu ne, musamman 'yan'uwanmu da ke noman rani a gaɓar kogin Shari da na Logon a nan Njamena, tun daga Farsha har Waliya da Tukura, masu cika kasuwar Dembe da Babbar Kasuwa da salak da tumatir da kuɓewa da yakuwa.

Kowa ya san ranar Njamena. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ruwan sama kuma bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, shi ma kusan duk tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Shi ya sa mai lambu mai dabara yake lulluɓe fangalinsa da busasshiyar ciyawa, ko ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko ganyen darbejiya, don ƙasa ta riƙe laima. Dabara ce mai kyau. Amma fa wannan rufi ba abin shimfiɗawa a manta ba ne.

Ga abin da ke faruwa. Kullum safe da yamma ana kwara ruwan kogi, ruwan nan kuwa ɗauke yake da laka. Hunturu ya zo da ƙurarsa, wadda mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Laka da ƙura su shige tsakanin ciyawa, rana ta gasa, yara da ma'aikata su tattake. Kafin ka ankara rufin ya manne ya zama kamar jinkar ɗaki: ka zuba ruwa ya gangare gefe, ƙasan yana nan ƙamas. Ka sayi man inji, ka sha wahala, amma shuka tana yaushi da hantsi, kana cewa ciwo ne ya kama ta.

Wani lokaci kuma akasin haka ne. Idan ɗanyar ciyawa aka jibga da kauri, sai ta kwanta ta yi santsi, iska ta daina shiga. Saiwa ma tana numfashi, malam. Ƙasar laka irin ta bakin Shari dama ba ta sakin ruwa da wuri, to ina ga an toshe mata hanci? Sai gindin tumatir ya fara ruɓewa.

Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. Bayan ka gama ban ruwa, tsuguna ka ɗaga rufin da hannu. Idan ya taso ɓantare guda, ka ga farar funfuna ta ɗinke shi, ko ka ji wari mai tsami, to ya danƙare. Cusa yatsa cikin ƙasa. Idan ka ji ta bushe alhali yanzu ka shayar, ruwanka bai isa inda ka aike shi ba.

Maganin shi ne ka farfasa shi. Ɗauki manjagara, ko ƙaramar fartanya, ko ma hannunka idan shukar ƙarama ce, ka wargaza rufin a hankali, kada ka zurfafa ka tsinke saiwa. Da sassafe ko da la'asar ya fi. Wanda ya riga ya ruɓe ka kwashe ka kai ramin taki, ba asara ba ce. Abin da za ka bari kada ya wuce kaurin yatsu uku zuwa huɗu, wato santimita 5 zuwa 8, kuma ka janye shi kaɗan daga gindin kowace shuka. Daga nan sai ka shayar sannu a hankali, ƙasar ta sha.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne gauraye. Ɓuntu zalla ko garin katako zalla ko ganye zalla, su ne masu saurin mannewa. A sassara karan dawa ko na gero a haɗa, don shi ke buɗe wa iska da ruwa hanya. Garin katako kuma kada a binne shi cikin ƙasa da ɗanyensa, yana janye sinadarin naitirojin har ganye ya yi rawaya.

Na san za a ce kara yana kiran gara. Haka ne. Sai dai manoman Burkina Faso irin su marigayi Yakuba Sawadogo, wanda ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, da masu haƙa ramukan shuka da ake kira tassa a jihar Tawa ta Nijar, sun nuna cewa ramukan da gara ke fafewa su ne ke shigar da ruwa cikin ƙasar da ta ƙeƙashe. A lambu dai a sa ido, kada kara ya jingina da jikin shuka.

Don haka gobe da safe, kafin ka ta da injin ban ruwa, ɗaga rufin fangali ɗaya ka duba, ka kuma maimaita duk bayan mako biyu har rani ya fita. Allah ya ba da yabanya mai albarka.