Auna Ƙarfin Lantarkin Tantani a Bakunan Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa ta Hanyar Rini

1.0 Gabatarwa

Kowace jijiya ta ƙwaƙwalwa tana lulluɓe da tantani, kuma tsakanin cikinsa da wajensa akwai bambancin ƙarfin lantarki, inda cikin yake ɗauke da cajin ragi. Idan wannan bambanci ya ragu a bakin jijiya, sai kalsiyam ya shiga, a saki sinadarin da ke kai saƙo ga jijiya ta gaba. Manufarmu a wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake auna bambancin da rini, tare da nuna inda mai bincike kan yi tuntuɓe.

2.0 Ware Bakunan Jijiyoyi

A shekarar 1962 Gray da Whittaker a Ingila, da kuma De Robertis da abokan aikinsa a Ajantina, suka nuna cewa idan aka markaɗa ƙwaƙwalwa cikin ruwan sukari, bakunan jijiyoyi kan tsinke, su sake rufe kansu kamar 'yan jakunkuna. Su ne ake kira sinaftosom. Faɗin kowanne bai cika wuce maikuromita 1 ba, don haka ba a iya soka masa allurar awon lantarki.

3.0 Aikin Rini

A shekarar 1975 Blaustein da Goldring suka gwada rinin sayanin a kan sinaftosom na ƙwaƙwalwar ɓera. Wannan rini yana da cajin ƙari, saboda haka cikin jakar mai cajin ragi yakan jawo shi. Idan ya taru a ciki, ƙyallinsa ya dushe. Idan bambancin ya ragu, sai ya fito, ƙyallin ya ƙaru. Sun ga ƙyalli ya hau da aka ƙara fotasiyam, haka kuma da aka zuba beratiridin mai buɗe kafofin sodiyam; shi kuwa tetarodotoksin ya hana tasirin beratiridin.

4.0 Inda Gizo ke Saƙar

Ya kamata mu lura cewa ƙyalli ba shi ne lantarkin ba, alamarsa ce kurum. Na farko, a cikin jakar akwai maitokondiriya, wadda ƙarfin tantaninta ya kai kimanin milibolt 150, ninki biyu zuwa uku na tantanin waje. Ita ma tana zuƙe rinin, har mai bincike ya ɗora wa tantanin waje canjin da ba nasa ba. Wannan ya sa wasu suka koma ga rinin oksonol mai cajin ragi, wanda maitokondiriya ba ta tara shi. Na biyu, dole a daidaita awon: a riƙa canza yawan fotasiyam na waje, a gwama da lissafin Nernst, wanda ya nuna cewa a zafin jiki, ninka fotasiyam sau 10 na sauya kimanin milibolt 61 a tantanin da fotasiyam kaɗai ke ratsawa. Na uku, waɗannan rinunnuka sukan ɗauki daƙiƙoƙi kafin su amsa, alhali bugun saƙon jijiya ba ya wuce 'yan milisakan.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa rini ya ba mu damar auna abin da allura ta kasa kaiwa. Sai dai duk adadin da aka samu ba tare da daidaitawa da kuma cire rabon maitokondiriya ba, bai cancanci a gina wani hukunci a kansa ba.